Azumin da Malam Ya Bar Buzun Jan Baki

Da 'yata Hadiza ta zo ganin gida bara, ta ce mini wai a dangin mijinta an yi zancen kakanta, an ce babban alaramma ne amma tsufa ya kwance masa hadda kafin ya rasu. Na tashi na shiga ɗaki kamar mai neman wani abu. Ba ita kaɗai ba ce, dukanku 'ya'yana da wannan magana kuka tashi. Kun ji ta a bakin mutanen garinmu Anka, kun ji ta har a wurin 'yan uwanmu na Bukkuyum, kuma ba ku taɓa jin na musa ba. To yau zan musa. Mahaifina Malam bai ruɗe ba, ko harafi ɗaya bai zube daga ƙirjinsa ba har aka sa shi a makwancinsa. Alkawari ne ya ɗaure mini baki, kuma wanda aka yi alkawarin dominsa, Malam Ilu, ya riga mu gidan gaskiya da damanar nan. Saboda haka ku natsu ku karanta, kada wanda ya tsallake layi, don na san halinku da dogon rubutu.

Ku da kuka tashi da tafsiri a cikin waya ba lallai ne ku san nauyin mai jan baki ba. A masallacin unguwarmu, da azumi bayan la'asar, mutum biyu ke zama a gaba: mai jan baki ya karanto aya, liman ya fassara. A wasu wuraren mai jan baki da Alƙur'ani yake zama a gabansa. Malam kuwa tun yana da baƙin gemu bai taɓa buɗe takarda a kan wannan buzu ba, da ka yake ja, Warshu tsantsa irin ta iyaye da kakanni. A bayansa akwai sahu guda na mahaddata, yawancinsu a zaurenmu suka wanke allo, kowa kunnensa a buɗe, amma ba a taɓa jin bakinsu ba don ba su taɓa samun abin gyarawa ba. Babbansu shi ne Malam Ilu, wanda a gidanmu ya girma har Malam ya yi masa aure. Ni kuwa, ɗan fari, boko ya ɗauke ni. Na sauke, amma ban haddace ba, kuma a lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Gummi.

Abu ɗaya na san Malam yana tsoro a duniya. Malamin da ya yi masa hadda ya yi tsawon rai har ya kai yana fara aya a wannan sura ya ƙarasa ta a wata, ɗalibansa na gyara masa a gaban jama'a. Malam ya ga wannan da idonsa, kuma duk sanda zancen ya taso sai ka ga ya gyara zama ya ce:

"Allah shi ɗauke ni da karatuna cikakke. Kada shi kai ni ranar da ɗiyan da niy yi ma wankin allo za su ɗora ni bisa hanya."

Sai ga ido ya fara yi masa gardama. Muka kai shi asibiti a Sakkwato, aka ce hawan jinin ido ne kuma an makara. Kafin shekara ta zagayo hasken rana kawai yake bambancewa da duhu. Mahaddaci, duk ƙarfinsa, yakan koma ga takarda ya duba wurin da zuciya ta yi masa musu, ya rufe ya ci gaba, ba wanda ya sani. Wannan ƙofar ce ta rufe wa Malam. Ya ce wa ɗalibinsa "duba mini wuri kaza" kuwa, ai ko a mafarki. Na kawo masa kasusuwan karatu daga kasuwa, ya saurari ɗaya ya mayar mini, ya ce duk Hafsu ne, hargitsa masa kunne za su yi. Abin ya tsaya mini a rai, don na ga yana ramewa da rashin abin da zai jingina da shi.

Shekarun da wayar hannu ta fara shigo mana ke nan, ana hawa tudu neman sabis. Ina da aboki a Gusau, Garba, tun kwalejin horon malamai muke tare, ya bar koyarwa ya buɗe kafe. Kada ku yi dariya, ba shayi ake sha a can ba. Shago ne da kwamfutoci a jere da faifan tauraro a kan rufi, mutum ya biya ya shiga intanet. Garba mutum ne mai tsoron Allah, ba ya wasa da salla, aibinsa ɗaya saurin hannu: kafin ka gama karanta abin da ke kan allo ya riga ya danna. Na ba shi labarin Malam. Ya yi ta lalube har ya gano wani shago na intanet a ƙasar waje da ke sayar da karatun Warshu cikakke na wani gwani Balarabe, kowace aya a fayil ɗinta daban, an ɗaure su duka a ƙunshi ɗaya mai girman gaske. Da katin bankin wani yayansa da ke Turai aka saya. Saura a sauke, wato a jawo ƙunshin daga can zuwa kwamfutar Garba, kuma da irin tafiyar intanet ta wancan zamani wannan ba aikin yini ɗaya ba ne. Na sayi 'yar rediyon nan mai cin memori na bar masa, na koma bakin aikina. Da na dawo na tarar ya kwance ƙunshin ya zuba a memori, muka kunna Fatiha da farkon Baƙara, tas.

Ba zan manta fuskar Malam ranar da na ɗora masa rediyon a tafin hannu ba. Ya kasa kunne, leɓunansa na bin karatun.

"Wanga Balarabe ya san abin da shika yi," in ji shi. "Allah shi yi maka albarka, Mamman. Ashe bokon ga naka na da rana."

Akwati ya sa mata suna. Ya koyi maɓallanta da yatsa, na gaba da na baya, ba ya bari kowa ya taɓa. A ƙuryar ɗakinsa yake saurare, ƙofa a rufe, murya ƙasa ƙasa, don kada ɗalibai su ce Malam ya koma neman taimako. Inna, wadda ba ta kiran sunana saboda kunyar ɗan fari, takan tare ni a tsakar gida ta ce:

"Kai wanga, tun da kak kawo abin ga, tuwon Malam sai ya huce shika ci."

Da farko wasa ne. Bayan wasu watanni ta daina yi da dariya. Ta ce Malam ya rage magana, ya rage cin abinci, kuma tana jin yana maimaita wuri ɗaya, ya mayar baya, ya sake mayarwa, sannan ya yi shiru mai tsawo. Na tambaye shi ko jikin ne, ya ce lafiya lau. Na kawo masa maganin ƙarin jini. Wallahi ko kusa ban kawo akwatin a raina ba.

Azumi ya kama, tafsirin wannan shekarar ya kai cikin A'arafi. Ranar wata Asabar ina gida, na zauna can baya kusa da ƙofa. Malam yana ja, liman yana fassara, kome yadda aka saba. Sai ya kai ƙarshen wata aya, liman ya gama fassararta, aka jira ta gaba, shiru. Na ɗauka tari ne ya sarƙe shi. Shirun ya yi tsawo har ana jin kukan awaki a bayan masallaci. Na ga ya ɗaga fuskarsa sama, gumi na bin gefen rawaninsa. Sannan ya buɗe baki ya ja, amma ba ayar da ke biye ba, ta bayanta. Ya tsallake aya ɗungurungum.

Sahun mahaddata ya amsa gaba ɗaya, don Alƙur'ani ba a yi wa kowa kara a cikinsa. Muryar Malam Ilu ce ta fara fita, sauran suka biyo. Tun da nake ban taɓa jin wannan sahu ya yi magana ba. Liman ya sunkuyar da kai. Malam ya saurare su har suka dire, ya maimaita ayar a bayansu kamar yaron da ake biya wa allo. Bai jira fassara ba, ya lalubo sandarsa ya miƙe.

"Jama'a, kun ji da kunnenku," in ji shi. "Ba ni jiran ta biyu. Ilu, taso ka zamna nan."

"Malam, don Allah," in ji Malam Ilu, yana kuka sosai. "Tuntuɓen harshe na, kowa na yi."

"Na ce ka taso."

Ni na kama hannunsa muka fito. Da muka kai gida, ranar ruwa kaɗai ya sha ya kwanta. Kafin a kira isha labari ya gama Anka.

Washegari da hantsi ya aika Inna ta kira ni. Ya ce in yi alwala in ɗauko Alƙur'aninsa na cikin gafaka, in rufe ƙofa.

"Kai ɗan boko na, ba ɗalibina ba," ya ce. "In ka ga tsiraicina ba ka da inda za ka kai shi. Buɗe wurin jiya. Karanta mani."

Na buɗe na karanta. Ayar tana nan daram a wurinta, kamar yadda su Malam Ilu suka biya. Ya gyaɗa kai, ya lalubo akwatin a ƙarƙashin matashi, ya yi ta danna maɓalli har ya kai wurin. Balaraben ya karanta ayar farko da muryarsa mai daɗi, ya numfasa, ya wuce ta uku. Babu ƙara, babu tsinkewa, babu wata alama. Na ce a mayar. Ya mayar. Haka dai. Na bi da yatsa a kan takarda, na sake bi, ina zargin idona. Sai Malam ya ce in buɗe Baƙara, wuri kaza. Akwai a takarda, babu a akwati. Ya ce Ali Imrana, wuri kaza. Haka. Ya dinga kiran wurare ɗaya bayan ɗaya, ba ya ko tsayawa tunani. Duk wurin da ya kira, ayar na cikin littafi, akwatin ya haɗiye ta.

"Baba, kun san da wannan tun yaushe?"

"Tun watan da kak kawo shi."

"To me ya sa ba ku faɗa ba? Ai akwatin ne ke da giɓi, ba ku ba."

Sai ya faɗi maganar da har yau ba ta bar raina ba.

"Nic ce Balarabe na, takarda na gabanai, kuma na'ura ba ta tsuhwa. Ni ko tsoho na, makaho. Ayoyin ga da yawa suna da 'yan uwa masu kama da su cikin wasu surori. Sai nic ce lalle daga can nika jawo su in liƙa inda ba wurinsu ba, abin da yas samu malamina ya iske ni. Mamman, cire su nika yi. Wata da watanni ina hora harshena shi tsallake su. Da haka nika tilawa, da haka nika salla."

Ban san Inna na bakin ƙofa ba sai da na ji salatinta. Mutumin da ya shekara sittin yana tsaron kowane wasali, ya zauna shi kaɗai a ɗaki yana yanke ayoyi daga ƙirjinsa da hannunsa, don ya yarda da wani ɗan akwatin roba fiye da kansa. Jiya a masallaci ba mantuwa ce ta tsayar da shi ba. Ƙirjinsa ya kawo masa ayar daidai, akwati ya ce babu ita, ya tsaya yana zaɓa a gaban jama'a, ya zaɓi akwati.

Ranar ban tsaya ko'ina ba sai tasha. Na isa Gusau rana tsaka, na ajiye wa Garba memorin a kan tebur na ce ya buɗe. Ya sa a kwamfuta, fayilolin suka jeru da lambobinsu. Muka bi A'arafi, sai ga lamba ta yi tsalle. Garba ya fara cewa ai ƙidayar ayoyin Warshu ta bambanta da ta Hafsu, wataƙila shi ne. Na ce ya bar ni da wannan, ƙidaya daban, aya ta ɓace daban. Sai ya koma kan babban ƙunshin da ya sauke, wanda ke nan a kwamfutarsa, ya sake kwance shi a gabana. Ba a je ko'ina ba wani ɗan akwatin rubutu ya fito da Turanci, yana cewa wannan fayil ya lalace, a tsaya ko a tsallake. Kafin in gama karantawa hannun Garba ya riga ya danna tsallake. Na riƙe masa wuyan hannu.

"Me ka danna yanzu?"

"Ai haka yake yi," in ji shi. "Ko fim ko waƙa in an sauke sai ya yi wannan surutun. Ka danna ya wuce, ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙara."

"Garba, wannan ba waƙa ba ce."

Ya dube ni, ya dubi allo. Da ba azumi nake ba ban san abin da zan yi masa ba, don ina da zuciya a lokacin, kun dai ji labari. Amma da na faɗa masa abin da ya faru da Malam, sai ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, ya dafe kai yana ta istigfari. Can ya ce ya zuba wa wasu mutane wannan karatun a wayoyinsu, sadaka. Ya rufe shago a ranar, ya bi su gida gida yana gogewa.

Na kwana biyu a Gusau, na kwana uku, abu ya ƙi ƙarewa. Muka duba girman ƙunshin da ke hannunmu, muka gwada da wanda shagon ƙasar wajen ya rubuta a shafinsa, kusan ɗaya ne, bambancin ba zai ja hankalin kowa ba. Muka sake saukewa tun daga farko. Ya sake lalacewa, amma a wasu wuraren daban, ayar da ta ɓace jiya yau ga ta, wadda ke nan jiya yau babu. Wannan ya nuna mana kayan shagon lafiyarsu ƙalau, a hanya suke samun rauni. Garba ya zargi faifan rufi, ya hau ya goge shi. Ya zargi ƙwayar cutar kwamfuta, ya wanke ta. Ya canza wayar da ta haɗa faifan da kwamfutar. Duk a banza. Ina zaune ina kallon ɗan layin nan mai nuna ci gaban saukewa yana rarrafe, sai aka kira azahar. Garba ya miƙe, ya ce wa mutanen da ke shagon kowa ya tashi, ya zagaya baya ya kashe janareto, kamar yadda yake yi kowace salla tun ranar da ya buɗe wurin, don kada wani ya fake da intanet ya ƙi jam'i. Allon ya mutu. Da muka dawo ya tayar da inji, ya danna ci gaba, layin ya ɗora daga inda ya tsaya kamar ba abin da ya faru.

"Kullum haka kake yi masa?" na tambaye shi.

"Kullum. Ai yana ɗorawa."

Yana ɗorawa, amma ɗinkin ba ya kamawa. Duk sanda wuta ta yanke masa ba shiri, abin da ke kan hanya a wannan lokacin sai ya shiga a gurguje, ayoyin da ke wurin su lalace. Da muka gane haka Garba ya yi salati. Ya ce shi da ya yi don kada a bar salla, ashe ayoyi yake zubarwa.

Muka rubuta wa shagon da ya sayar mana. Suka amsa cikin ladabi, suka ba mu hanyar sauke karatun kashi talatin maimakon ƙunshi ɗaya, kowane kashi da wata doguwar lambar shaida, in ka sauke ka gwada, in lamba ta yi daidai to ko ɗigo bai ɓace ba. Kashi ɗaya yana ƙarewa tsakanin salla da salla, don haka Garba bai fasa kashe janaretonsa ba, sai dai ya jira layi ya cika. Wanda lambarsa ta saɓa mu goge mu sake. Duk da haka ban yarda da lamba kaɗai ba. Na ari Alƙur'ani bugun Warshu na zauna a kusurwar shagon, abin ji a kunne, yatsa a kan layi, har na kai ƙarshe. Ban taɓa yin tilawa irin ta wannan azumin ba.

Na koma Anka ana cikin goman ƙarshe, sabon memori a aljihu, ina jin kamar na ɗauko wa Malam idanunsa. Na ce masa an gyara, na yi masa bayanin janareto da kome. Ya saurara har na gama, sannan ya ce in ajiye akwatin a kan taga.

"Ɗauko littahi. Ni za ni karantawa, kai ka bi."

Daga wannan hantsin muka fara, kullum bayan ya yi walaha har azahar, in an yi salla mu ɗora. Ya faro daga Fatiha. In ya iso ɗaya daga wuraren nan sai in ji muryarsa ta yi nauyi, ya ja ayar a hankali kamar mai taka ƙafar da ta warke daga karaya, ya wuce. Ina bin sa da ido ina neman kuskure, wallahi nema nake yi, don in tabbatar wa kaina. Ana gobe salla ya dire Nasi. Ban samu ko wasali ɗaya ba. Na rufe littafin ina hawaye, na ce gobe a filin idi, ko ranar Juma'a, zan tashi in faɗa wa mutanen Anka abin da ya faru. Zan kawo Garba ya yi rantsuwa, zan kunna tsohon memori kowa ya ji da kunnensa, Malam ya koma kan buzunsa.

"Ba ka yi," in ji shi.

"Baba, cewa ake kun ruɗe. A kasuwa ake faɗa."

"Na ji. Kunnena bai mutu ba. In ka tashi kab ba da labarin ga, Ilu ba shi ƙara zama wurin nan ko da an ɗaure shi, kuma duk ranar da yaz zamna za a ce aron wuri a garai. Ni nis sa shi gaban jama'a, ba ni tashe shi gaban jama'a."

Na ce to a bar Malam Ilu a wurinsa, amma a wanke sunansa kawai. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Inna ta leƙo ta ce in ji tsoron Allah. Malam bai yi fushi ba, ya bari na huce.

"Mi za ka wanke, Mamman? Cewa sunka yi na manta, mantuwa ko ba laihi ba ta, ta ɗan Adam ta. Abin da niy yi ya hi wannan. An ba ni amana tun ina yaro, malamai sunka saurare ni sunka shaida, sannan wani abu yaz zo jiya, ban san wanda yay yi shi ba, yac ce ba haka ba, nib bi shi. Girman kai yah hana ni in kira Ilu in ce duba mani. Wanda yay yi haka bai kamata shi ja ma jama'a baki ba. Ka yi mani alkawali: muddin ina da rai, kuma muddin Ilu na da rai, ba ka buɗe baki."

Na yi masa alkawari. Ban yarda da hukuncin da ya yanke wa kansa ba, har gobe ban yarda ba, amma uba ne, kuma ya kama hannuna bai saki ba sai da na furta. Na sa Garba ma ya yi shiru, Inna kuwa da maganar ta tafi kabarinta.

Ya rayu shekaru bayan haka, kuma ku manyan kun san shi a wannan hali, zaune a zaure, mutane na gaishe shi da ƙarfi da irin muryar da ake yi wa yara. Masu kawo masa tambaya suka ɗauke ƙafa. Masu zuwa ya saurari haddarsu suka koma wurin Malam Ilu. Wani lokaci baƙo zai zo ya yi masa magana, ɗan rakiya ya raɗa masa cewa a yi haƙuri, tsoho ya ɗan taɓu, a gabana, ina ji. Kullum da azumi ni ko wani mu kama hannunsa zuwa masallaci, ya zauna a cikin sahun mahaddata a bayan ɗalibinsa, ya saurara. Akwatin bai ƙara kunna shi ba. Duk hutun da na zo, sai ya ce in ɗauko littafi mu rufe ƙofa.

Da Allah ya yi masa rasuwa, ranar addu'ar uku zaurenmu ya cika har waje. Wani dattijo daga Bukkuyum, abokin karatun Malam tun suna yara, shi aka ba ya yi addu'a. Ya yabi Malam, ya faɗi alherinsa, don da gaske yana ƙaunarsa. Malam Ilu na gefena yana share hawaye da hannun riga. Sai dattijon ya ɗaga hannu sama ya ce:

"Allah shi gahwarta mai. Ruɗewar ga da yay yi ƙarshen rayuwa, da karatun da yak kuɓuce mai, Allah shi sa su zam kaffara garai."

Zaure ya ɗauka da amin. Ni ne babban ɗa, ni ke zaune a gaba, idon kowa na kaina. Na ɗaga hannuna na shafa, na ce amin.